Sara na Uku a Ginshiƙin Gada

Shekarar da Turawa suka tattara komatsansu aka damƙa wa Mala Fannami kula da gadar giginya ta ƙauyensu, can gefen Auyo. Gada ce dai a baki: gumagumai ne aka jera a kan ginshiƙai shida, jaki ma sai an lallashe shi yake hawa. In kogi ya kawo ya haye kanta, a koma kwalekwale. In ya janye, Mala ya gyara abin da ya ɓata.

Mutum ne mai taurin kai, amma a sanin ruwa ba wanda ya kama ƙafarsa. Kowace shekara yakan sari ginshiƙin tsakiya da gatari daidai inda ruwa ya tsaya. Da haka ya gane cewa in ruwa ya taɓa sara na uku daga ƙasa, bayan kwana biyu zai bi ta wani kwari ya malale fadamarsu. Sai a watsa shinkafa da ruwan sama, ta ɗan tasa, kogi ya zo ya raine ta.

Farin shekarar saba'in da uku ya share rumbuna tas. A gidan Mala ba abin da ya rage sai tukunyar iri guda, an liƙe bakinta da laka. Matarsa Bintu ta yi ta tonon bado a busasshen tafki har faratanta suka tsage.

"Malam, a fasa tukunyar nan," in ji ta. "Yaran nan ko kuka sun daina."

"Yi haƙuri, Bintu. In muka ci iri, baɗi me za mu shuka?"

Da ranin nan ma'aikata suka iso da katafila. Aka kafa gadar siminti, aka ɗaga titi kamar ganuwa da jar ƙasa da duwatsu. Tsohuwar gada aka kwashe samanta, aka bar ginshiƙan tsaye. Mala har daɗi ya ji, tunda an bar masa sarensa. Kullum idonsa na kan ginshiƙi, bai taɓa zuwa ya duba kwarin ba. Ai a saninsa, ruwa ba ya ɓata hanya.

Damina ta faɗi, ya fasa tukunya ya watsa irin kaf, ko tafi ɗaya bai rage ba. Shinkafa ta fito shar. Kogi ya kawo, ya taɓa sara na uku. Mala ya koma gida da murna ya ce jibi ruwa zai shiga.

Jibi ta zo, shiru. Kwana biyar, ruwan sama ya ɗauke, shinkafa ta fara naɗe ganye. Sai a sannan ya bi kwarin da ƙafa, ya tarar sabon titi ya bi ta bakinsa ya toshe. Ga ruwa can maƙil a ɗaya gefen, tsakaninsa da gonar bai fi taku ashirin ba.

Ya sami shugaban ma'aikatan ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ku buɗe mana ko kafar da tulu zai wuce."

"Baba, ba ya cikin takarda. Sai an rubuta sama."

Mala ya ɗauko fartanya ya hau titin da sara, rana tsaka, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Dutse ya karya ƙotar. Ya ci gaba da hannu har jini ya zuba, aka zo aka janye shi.

 Bintu kuwa ƙwarya ta ɗauka ta koma tafki.

Ranar da suka hau motar itace za su Kano neman abin sawa a baka, ranar Mala ya fara haye sabuwar gada. Ya leƙa ƙasa wajen tsohon ginshiƙinsa. Ruwa ya haura sara na biyar, irin shekarar da ake cika rumbu.