Kariyar Nguru a Ƙasar Kagoma

Har yau ban manta da ranar da Mama Saratu ta shigo gandunmu na renon tsirrai a Kafanchan ba, riƙe da wani ruɓaɓɓen icce a leda. A tsakiyar daminar 1991 ne. Lokacin ni ne malamin gandu, wato mai kula da tsirrai da leburori. Sama da ni akwai Oga Bulus, babban malamin daji, wanda ko babur ɗin ofis ba ya motsi sai da izninsa.

Ku da kuka zo daga baya kun tarar da ƙa'idarmu: ba a ba mutum fure don kawai ya nuna shi da yatsa. Sai an tambaye shi irin ƙasarsa, da ko ruwa na kwanciya, da ko awaki na shiga. Mutane sukan ji haushin tambayoyin nan. Ni ko a jikina, don na gaji da in reni tsiro a ɗauka a je a kashe shi.

Mama Saratu ta zazzage ledar a gabana. Kariya ce, itaciyar nan ta can Arewa mai kaurin gindi da jan fure. Ta narke kamar rogon da ya wuce dahuwa.

"Ɗana, ya mutu kuma," in ji ta. "Kana da wani?"

Ba mu da ita, ba ma renonta. Na tambaye ta inda take dasawa, ta ce a kan kabarin mijinta ne, Baba Yohanna, a bayan gidansu da ke Kagoma. Direban jirgin ƙasa ne, sun daɗe a Nguru, kuma a ƙofar gidansu na can akwai kariyar da yake ji da ita. Tun rasuwarsa abokan aikinsa ke kawo mata reshe a jirgi, tana dasawa yana ruɓewa. Da hakan ya maimaita, sai dangin miji suka fara cewa kabari ya ƙi hannunta. Ƙanen mijin, Baba Dauda, har ya fara zancen ta tattara ta koma gidan iyayenta, ita da ta yi jikoki a gidan.

Na je wurin Oga Bulus neman babur.

"Aikinmu tsiro ne, ba shari'ar gida ba," ya ce.

"Tsiron zan duba, Oga."

"To, duba tsiron kawai."

Washegari na je Kagoma. Kabarin yana gangare, ƙasa da gonar citta. Na haƙa rami a gefe, ko gwiwar hannu ban kai ba ruwa ya tsattsafo. Laka ce mai danƙo. Kariya kuwa yashi take so da rana, ruwanta a cikinta take ajiyewa, ga damina irin ta wajenmu da ba ta san ta tsaya ba. Na yi wa Baba Dauda bayani cewa ko Fasto ne ya dasa kariya a nan, sai ta ruɓe.

"Haka ka ce," in ji shi, yana kallon gefe.

Na gane magana ba za ta yi aiki ba. Sai an ga abin da matar nan ta dasa da hannunta ya rayu. Na duba ko'ina, idona ya faɗa kan shingen aladun gidan, wanda aka yi da minjirya. Ita minjirya 'yar ƙasar ce. Ka sari reshe ka soka a ƙasa, ta kama, ruwa bai dame ta ba, kuma da rani takan zubar da ganye ta yi fure ja wur.

Mama Saratu ta ɓata rai.

"Itacen alade zan sa wa maigidana? Mutumin da ya tuƙa jirgi?"

Gaskiya na ji nauyinta, amma ba ni da abin da ya fi wannan. Na ce mata kariyar ma ba za ta rasa ba: in an kawo wani reshe, ta cika tsohon kwano mai huji da yashin rafi, ta dasa shi a ciki, ta ajiye a ƙarƙashin rufi inda ruwa ba ya bugu. Sai ta karɓi addar da ke hannuna. Ita ta sari reshen minjiryar, ita ta soka shi a kabarin ta wajen kai, Baba Dauda na tsaye.

Kafin damina ta ƙare reshen ya fitar da ganye, zancen komawa gidan iyaye ya mutu ba tare da kowa ya ba da haƙuri ba. Fure dai bai zo ba sai rani na biyu. Bayan Kirsimetin 1992 ta zo gandu da 'yar doya a buhu, ta ce minjiryar ta yi ja har ana hango ta daga hanyar coci, kariyar kuma na nan a kwanonta.

Na tsokane ta, na ce ashe itacen alade ya yi rana.

"Bar shi, ɗana," ta ce. "Baban yara ma ɗan nan ne. Aiki ne ya kai shi Nguru."

Tun ranar na ƙara tambaya ɗaya a kan ƙa'idarmu. Bayan ƙasa da ruwa da awaki, nakan tambayi mutum don wa zai dasa. Wanda ya nace sai furen wata ƙasa, galibi wani yake kewa, kuma ba a yi masa tsawa. A nema masa kwano da yashi, sannan a ba ƙasar abin da ta sani.