Na Raka Gwiwar Sagir Gida

Mun bar Kano ranar Juma'a, ana idar da sallar Asuba, ni da Sagir, ɗan wasan gaba na ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa. Ni ne mai yi wa 'yan wasa tausa da ɗauri, shekaruna sun haura hamsin, tumbi kuma Allah bai hana ni ba. An yi wa yayan Sagir haihuwa a ƙauyensu da ke tsakanin Kura da Bunkure, ya dage sai ya je suna. Matsalar ita ce gwiwarsa ta dama ba ta daɗe da warkewa ba, ga wasa ranar Lahadi da masu sayen 'yan wasa daga waje za su zo kallo. Likita ya ce ban da tsalle, ban da ɗaukar nauyi, ban da tsugunno, salla ma a kujera. Koci kuwa ya ja ni gefe ya ce, "Malam Habu, ka bi shi. In gwiwar nan ta kumbura, ka nemi gona a can ka zauna."

Hanyar Kura

A tasha na yi rigima da kwandasta har aka ba Sagir kujerar gaba ya miƙe ƙafa. Ni aka cusa ni baya tsakanin buhunan taki, rungume da kular ƙanƙara. A shingen kan hanya wani ɗan sanda ya gane Sagir ya nemi hoto, na leƙo ta taga na ce, "Ranka ya daɗe, a tsaye dai." Rana na ɗagowa muka shiga Kura, injinan casar shinkafa sun fara kuka. Muka sha koko da ƙosai, mai zafi da arha.

Bakin Magudana

Daga nan sai babur, a kan siririyar hanyar da ke bin magudanar ban ruwa, shinkafa a dama, tumatur a hagu. Na ce wa ɗan acaɓar da ya ɗauki Sagir, "Ka tafi a hankali, dukiyar ƙungiya ka ɗauko." Ya bi maganata har wata mai tallar nono ta wuce mu a ƙafa, ta waiwayo ta yi mana sannu da jiki. Da muka sauka daga babur a bakin wata ƙaramar magudana, Sagir ya ja baya zai tsallaka yadda ya saba tun yana yaro. Na riƙe rigarsa, muka zagaya ta kwalbati, ina ta jin daɗin kaina.

Ƙofar Gida

Abin da ban lissafa ba shi ne dattawa. Mun tarar an raɗa suna, tabarmi shimfiɗe daga zaure har gindin darbejiya, duk tsofaffin dangi a jere. A nan yaro ba ya gaida babba a tsaye, ko da kuwa ana nuna shi a talabijin. Sagir ya cire takalmi ya fara lanƙwasa gwiwa, na cafke kafaɗarsa.

Baffa Ila, ƙanen mahaifinsa, ya ce, "Lafiya, malam?"

Na yi bayanin likita tiryan-tiryan. Baffa ya shafa gemu ya ce, "Mun ji, Allah ya ƙara sauƙi. Amma gaisuwa ba a barinta haka. Tunda kai ka hana shi, sai ka tsuguna masa."

Haka aka yi. Sagir yana tsaye yana "Barka da asuba, Baba," ni ina ƙasa. Mu matsa gaba, in miƙe, in sake sauka. Wani tsoho mai nauyin ji ya riƙe mu da tambayar gida, iyali, ruwa, har da farashin tumatur a Kano. Waɗanda muka riga muka gaisar kuma na ga suna komawa ƙarshen layi, wai ba su ji daɗin ta farko ba. Raina ya ɓaci, amma na danne. A gaban kakarsa, da ta fito zaure takanas don ta gani, gwiwata ta hagu ta ce ƙas, na zauna daɓas.

Sagir ya sunkuya zai ɗauke ni, na daka masa tsawa, "Ban da ɗaukar nauyi!" A baron tumatur aka tura ni bakin hanya, ƙanƙarar da na ɗauko dominsa tana ɗaure a ƙafata. Kaka ta biyo mu da ƙullin goro da alkaki, ta ce ba ta taɓa ganin baƙo mai ladabi irina ba.

Komawa Kano

Mun iso gida kafin La'asar, Sagir a kujerar baya, ni a ta gaba. Koci ya latsa gwiwar yaron, ya ce madalla, tawa ko kallonta bai yi ba. Ina godiya ga Allah da ya dawo da mu, da mutanen ƙauyen, da mai baro.

Ranar Lahadi ina benci da sanda, Sagir ya jefa ƙwallo a raga, fili ya kaure. Ya sheƙo da gudu ya nufo ni, ya zube a kan gwiwoyinsa biyu ya sulalo a ciyawa har gabana. Ya ɗaga kai yana haki ya ce, "Malam Habu, barka da yamma."