Awon jinin ranar kasuwa

Jiya a wani ɗaurin aure a Karaye, wani dattijo ya tsallake ni, ya je ya durƙusa gaban abokin aikina, Likita Sabo. Raina ya sosu, don ni na ɗinke masa ƙafa a asibitinmu na Rogo, wajen 1990.

Lokacin 'yan ƙodago na haɗiyar ƙwaya don su yini suna noma. In suka zo, cewa nake a kai su gidan mari. Sabo kuwa sai ya ba su kati irin na kowa, ya ce su riƙa zuwa awon jini duk ranar kasuwa. A ciki yake raba su da ƙwayar sannu a hankali.

To jiyan, na kasa haƙuri, na ce wa dattijon, "Malam Iro, ni ba ka gane ni ba?"

Ya ce, "Na gane ka, ranka ya daɗe. Kai ka ɗinke ni, ka kuma gaya wa surukina abin da nake sha. Shi kuwa Likita Sabo, shekara biyu ina zuwa wurinsa, har yau iyalina hawan jini suka sani."

Har yanzu kishin bai sake ni ba. Ku gaya mini gaskiya, da ku ne, wa za ku fara gaisarwa?