Shekarar da Cikin Kawu Tanko Ya Ƙi Cika

Ku matso kusa ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku.

A shekarar da ta biyo bayan fara, tun Turawa ba su san hanyar Kano ba, ranar Cika-ciki ta same ni ina yarinya a ƙauyenmu na gabas da Minjibir, ina hura wuta ƙarƙashin tukunyar da ta kusa fin ni tsayi. A cikinta akwai wutsiyar ragon layya, wadda aka busar aka adana tun Babbar Sallah don miyar sabuwar shekara. Mun taso mun tarar ana cewa wanda bai cika cikinsa a ranar ba, da yunwa zai ƙare shekara. A gidanmu kuwa ba a yarda da bakin mutum. Kakarmu Iya Gambo ce alƙali: takan lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikin kowa yadda ake gwada tulu a kasuwa, in ya amsa da ƙara, sai ka koma bakin akushi.

Mu yara bugu ɗaya muke wucewa. Mai wahala shi ne Kawu Tanko, ƙanin babana, dogo siriri kamar karan dawa. Cika-cikin baya Iya ta ƙwanƙwasa shi ta ce fanko ne, da fara ta zo kuwa a gonarsa ta soma sauka, gari ya ɗauka cewa cikinsa ne ya jawo ta. Ga shi yana neman wata bazawara mai sayar da ɗanwake, Ladi, mahaifinta Malam Ɗanjuma kuma ya rantse ba zai ba mai jawo yunwa ƴarsa ba. Ya ce da ƙafarsa zai zo ya ji ƙarar cikin bana.

Da aka sha ruwan azumin ranar, Kawu ya sassauta mazagin wando ya yi bisimilla. Ya ci tuwo malmala bayan malmala, ya kora da fura, ya leƙa gidan maƙwabta ya taya su nasu, ya dawo ya ɗaga riga gaban jama'a. Iya ta ƙwanƙwasa. Ƙwal!

"Tanko, ina kake kai shi? Ko ƙafafun nan rami ne?"

"Iya, wallahi har maƙogwaro ya zo."

"Ni ba maƙogwaro nake aunawa ba."

Malam Ɗanjuma ya soma laluben takalmansa. Sai ga Ladi da ƙwaryar ɗanwake, ta barbaɗe shi da barkono har ya yi ja, ta dire ta tsaya a kansa. Kawu yana ci yana hawaye, yaji yana tura shi bakin randa, wake yana kumbura a ciki, har cibiyarsa ta fito ta gaishe mu. Iya ta sake bugawa. Dim! Mata suka rangaɗa guɗa. Sai dai tashi ya gagara, a kan ƙyauren kara aka ɗauke shi yana nishi yana neman gafarar kowa.

Malam Ɗanjuma ya shafa gemu ya ce, "Cika kam ya cika. To amma wane rumbu zai riƙe wannan bawan Allah?"

Ladi ta ce, "Baba, gidaje biyu sun kasa, ƙwaryata ɗaya ta kwantar da shi. Ku bar mini shi."

Aka ɗaura aure kafin shuka. Kawu ya rayu ya tsufa bai ƙara ƙiba ko ta allura ba, bai kuma sake kallon ɗanwake ba. Ladi ta haifa masa ƴaƴa sirara duka irinsa. Malam Ɗanjuma ya rasu yana faɗa wa mutane shi ya haɗa abin. Iya Gambo kuwa, har ranar da ta kwanta ciwon ajali tana ƙwanƙwasa mu.

Yanzu jikokina kan ce sun ƙoshi, a kuma yarda da su. Nakan lanƙwasa yatsata in dube su, sai in mayar da ita cikin zane. Tuwo bai ragu ba, mai ƙwanƙwasawa ce babu.