Marhun, da Karafan ɗin da Ba Nasa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗi wannan, zuciyata ma ta yarda. Yayana Marhun bin Zahran ya rasu ranar Alhamis, takwas ga watan Agusta, bayan la'asar, a gangaren da ke sauka garin Salala, yana jan karafan ɗin da ba nasa ba da motar da ba tasa ba. An yi jana'izarsa washegari a can. Ya bar matarsa Zuwaina da ɗansa Hilal da 'yan mata uku.

Yaya, an ce mini rubutun ta'aziyya ba wurin fushi ba ne. Ka yafe mini, nawa da fushi zan yi shi, domin mutumin da rantsuwarsa ta sa ka hau motar nan ya sake rantsuwa a zaman makokinka, kuma wannan karon a kan Hilal ya rantse.

Duk garinmu Nizwa an san yadda kake da karafan, ɗakin nan mai taya da muke ja zuwa kudu duk shekara idan zafi ya kore mu, damina kuma ta sauka a Salala. Tun kafin ka sayi labule ko katifa, sai da ka sa wa jif ɗinka ƙaramin lagireto na sanyaya man giya, da allurar da ke nuna zafinsa. Tankin ruwa da janareta a kan tayoyi kake ɗaure su, ɗan gaba kaɗan, don kada wutsiya ta fi kai nauyi. Sarƙoƙi biyu kake gittawa ƙarƙashin ƙugiya. Ba ka taɓa tashi ba sai ka sa ni na tsaya a baya, ka taka birki, na ce maka fitila ta kama, ka kuma ji tayoyin karafan sun riƙe. Ina mita, ina cewa rana na dukana, kana dariya kana sake takawa.

A garin Haima kuwa, tsakiyar hanya, dole a tsaya. Ka faka a inuwa, ka bar injin yana aiki don man ya zagaya ya huce, ka shimfiɗa tabarma ka ɗora gahawa. 'Yan uwa suna tsokanarka: "Marhun, mota ce ko jaririya?" Kai kuma ka ce: "Gara jaririya, in ta ji zafi tana kuka. Wannan shiru za ta yi maka har ta ƙone." Su sha gahawarka, su cinye dabinonka, su ci gaba da tsokanar.

Na tuna shekarar da muka tarar da wani mutumin garin Sur a gefen titi, giyarsa ta ƙone, matarsa da tsohon ciki, zafi kamar bakin tanda. Ba ka san shi ba. Ka kwance naka karafan ka bar mu da shi, ka ja nasa har gari, ka dawo ka ɗauke mu. Da ya haifi ɗa ya sa masa sunanka, kai ko labarin ba ka ba kowa ba, sai a bakin matarsa muka ji. Ni ma kai ka koya mini yin baya da karafan a filin bayan gonar dabino, na tumɓuke maka shinge har sau biyu, ba ka ce komai ba sai "sake".

To, ga abin da ya faru, don na ji an fara gyara labarin.

Baffa Sulayyim, ƙanen mahaifinmu, ya zo tafiyar bana da sabon karafan, ƙato, wanda ya fi ƙarfin jif ɗinsa. Ya kwashe tanki da janareta da buhunan shinkafa ya jibge a can baya, don gaba ya zama falon baƙi, kada kafet ya yi datti. Wayar birkin karafan ba ta shiga ramin motar ba, sai ya naɗe ta ya ɗaure da leda. Lagireton giya kuwa, cewa ya yi wanda ya ƙera motar ai ba wawa ba ne. Da muka isa garin Sumrait, dab da Salala, ƙaurin mai ya cika wurin, giya tana zamewa. Ka zaro ma'auni ka nuna masa man ya yi baƙi. Ka ce, da ladabinka:

"Baffa, mu kwana nan. Da safe a canza mai, a gyara wayar, mu dawo da kayan nan gaba."

Ya ce abokinsa a Salala ya yanka akuya, an ɗora tukunya, ana jiransa. Sai ya ɗaga hannu a gaban kowa: "Wallahi tallahi ba zan kwana a garin nan ba, kuma karafan ɗina ba zai kwana ba. Ko za ka mayar da ni maƙaryaci ne, ɗan Zahran?"

A gidanmu idan babba ya rantse, shi ke nan, ƙarami ba ya barin rantsuwar ta faɗi ƙasa. Maza takwas, duk sun san ƙaurin nan, duk suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Na ce: "Baffa, akuya ce fa, gobe ma za ta ciwu." Aka ce mu mata mu shiga mota.

Abin da ka yi shi ne ya fi ƙona mini rai, kuma shi ne ya fi kama da kai. Ka fito da jikokin Baffa daga motarsa, ka raba su cikin namu. Shi kansa ka riƙe masa ƙofa ya zauna a gaban jif ɗinka, ka miƙa wa Hilal makulli. Ka shiga ta Baffa kai kaɗai, ka ce mu yi gaba, za ka biyo a hankali. Da muka hau dutse, yayyafi ya jiƙa kwalta, hazo ya rufe. A gangara giyar ta ƙi riƙe ƙaramar lamba, birkin motar kaɗai ya ɗauki nauyin har ya yi zafi ya saki. Direban babbar motar da ke bayanka ya ce ya ga karafan yana kaɗa wutsiya, ya ga ka karkata zuwa gefen dutse don kada ka hau kan motocin da ke gaba. Motocin da ke gaba mu ne.

Kai ma ina fushi da kai, Yaya. Ka san abin da zai iya faruwa fiye da kowa, shi ya sa ka fitar da yaran. Ka ji kunyar cewa a'a, ka bar Zuwaina da takaba.

Yanzu masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma ajali bai naɗe waya da leda ba, kuma ba shi ya jibge janareta a wutsiya ba. A rana ta uku ta makoki Baffa ya yi kuka, kukan gaske, ban ƙaryata shi ba. Sannan ya kama hannun Hilal ya rantse cewa ɗaya karafan ɗin nasa, wanda ya bari a Salala tun bara, ba mai jansa zuwa Nizwa sai ɗan Marhun, da ɗaya jif ɗin Baffan, ranar Asabar mai zuwa, don a san gidanka bai mutu ba. A ganinsa karramawa ce. Na je na duba motar da idona. Ba lagireton giya, ba ramin wayar birki, ga hawan dutsen nan, ga hamada da zafinta har gida. Hilal ya sunkuyar da kai irin naka, ya ce to.

Ya Allah ka jiƙan Marhun, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka karɓe shi cikin shahidai. Ka saka masa da alherin duk wanda ya tsaya wa a hanya. Zuwaina, Allah ya ba ki haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Hilal da ƙannenka, Allah ya raya ku, ya zama gatanku. Ina yi wa dangi na Nizwa da na Salala ta'aziyya, har da Baffa Sulayyim, domin shi ma ɗa ya rasa.

Amma Baffa, ka ji da kyau. Allah da kansa ya buɗe ƙofa ga wanda ya rantse ya ga abin da ya fi: ya karya, ya ciyar da miskinai goma. Shinkafa na nan, ni zan dafa, ni zan raba da hannuna ranar Juma'a. Kai dai ka yi niyya. Hilal ba zai hau motar nan ba.