Geron da Falalu Ya Shuka a Filin Ƙwallo

Duk mai keke ko babur a Gwiwa ya san Falalu mai faci. Rumfarsa tana bakin kasuwa a gindin wata darbejiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ya ba hamsin baya, kuma Allah bai yi shi da cikin ajiye magana ba, in ta zo masa sai ta fita ko a gaban wa. Amma ba faci ne ya ɗaga sunansa ba. Shi ne ya kafa Guguwa, ƙungiyar ƙwallon ƙafar garin, tun yana saurayi, lokacin da ƙwallo ɗaya tal suke da ita, ita ma rabin jikinta facinsa ne.

Filin da Guguwa ke wasa ma nasa ne. Mahaifinsa, marigayi Muhammadu Lawal, ya bar masa gona a bayan gari, shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba kwazazzabo, irin wadda ake daɗewa ba a samu ba a wannan ƙasa tamu ta duwatsu. Mai hankali gero zai zuba mata. Falalu kuwa sai ya kafa turaku biyu a gabas, biyu a yamma, ya ce nan ne fili. Dangi suka yi faɗan har suka gaji. Matarsa Batulu ta shigo gidan ta tarar da wannan hauka, ta ɗora nata faɗan daga inda suka tsaya. Takan ce ita kaɗai ce mace a Gwiwa da mijinta ke da gona amma take aiken awon gero kasuwa. Shi dai sai ya yi dariya ya saɓi jakar riguna ya fita. Shi ne koci, shi ne mai wankin riguna, shi ne mai ɗaure targaɗe, in ƙura ta tashi a wasa kuma shi ne na gaba wurin zagin alƙali.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, Guguwa ba ta taɓa ɗaukar kofin gasar yankin ba, wadda ake karawa da ƙungiyoyin Kazaure da Roni da Babura da Yankwashi. Takan kai kusa, sai ta faɗi. Wannan ne ya fara cin ran magoya baya, musamman Zaharadeen mai gidan kallon ƙwallo, wanda kallon wasannin Turai ya sa yake ganin ya fi kowa sanin yadda ake tafiyar da ƙungiya.

"Ku duba ko'ina a duniya," in ji shi, in an taru a ƙofar gidan kallonsa bayan la'asar. "Ƙungiyar da attajiri ya saya ita ke ɗaukar kofi. Mu kuwa mai ƙungiyarmu sai ya yi facin taya sannan a sami na mota. A haka za mu ci Kazaure?"

Wani dattijon tela yakan ce masa ƙungiya ta masu tsayuwa cikin rana suna ihu ce, attajiri kuwa yau yana so, gobe ya ga wani abin wasan. Ba a cika sauraronsa ba.

Sai Allah ya kawo wa Falalu yanar ido, aka tafi da shi Kano aka yi masa aiki. Kafin ya dawo, magoya baya sun zauna sun miƙa Guguwa ga Alhaji Abdulnasir, ɗan garin ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana zaune a Kazaure, yana kuma neman abin da zai sa a riƙa ambaton sunansa a gida. Ba wanda ya ɗaga waya ya kira Falalu. Ya dawo da ido tangaram, abu na farko da ya karanta da shi kuwa shi ne wani ƙaton allo a bakin gonar ubansa, an rubuta Ƙungiyar Alhaji Abdulnasir.

Duk da haka ya haɗiye. Ya ce wa Batulu in dai yaran za su sami takalma masu kyau, suna ba komai ba ne. Ranar bikin miƙa sabbin riguna ya sa farar shaddarsa ya je da wuri. An jera kujeru ƙarƙashin rumfa, akwai ta sabon kocin da aka ɗauko daga Kazaure, har Zaharadeen yana da tasa, amma babu ta Falalu. Ya tsaya cikin rana tare da jama'a. Alhaji ya karɓi lasifika ya yi ta alkawura, a ƙarshe ya ce, "Bana kofi namu ne in Allah ya so. Zamanin ƙwallon masu facin taya ya wuce."

Fili ya ɗauki dariya. Da maganar Alhaji ce kawai, da Falalu ya rama a take ya huce, don Alhaji ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba. Dariyar ce ta shige shi. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk mutanen da ya koya wa taka leda ne, ko su ko 'ya'yansu. A sahun 'yan wasa kuma ga Ɗayyabu, kyaftin, ɗan yayansa da ya riƙe tun rasuwar uban, cikin sabuwar riga, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Garin ya zuba ido ya ga irin tijarar da Falalu zai yi, amma ba a ga komai ba. Ya koma rumfarsa ya ci gaba da faci. Har yakan tambayi masu kawo babur yadda suke ganin kakar bana, su kuwa su saki baki: an yi wa turaku fenti, an sa sabuwar raga, an kafa bencina, an ɗauko 'yan wasa daga Kano, wasan buɗe gasa ma a Gwiwa za a yi shi. Ya ce madalla, Allah ya kai mu. Batulu kaɗai ce ta tsorata da wannan shiru. Ta lura kullum da yamma yakan fita tsakar gida ya daɗe yana kallon gabas, mutumin da bai taɓa damuwa da hadari ba sai don kada ya ɓata wasa.

"Malam, me kake nema a sama?"

"Abin da kowane manomi yake nema," in ji shi.

Ruwan farko ya zo yayyafi, Falalu bai motsa ba. Ya san ƙasar da aka yi shekara da shekaru ana taka ta ba za ta ji wannan ba. Sai da aka yi wani mai ƙarfi wanda ya cika kududdufai, saura 'yan kwanaki a buɗe gasa, sannan da aka idar da sallar asuba ya nufi rugar Mamuda, wani Bafulatani abokinsa mai shanun huɗa. Rana ba ta gama fitowa ba suka iso bakin fili da bijimai biyu da garma. Mamuda ya ja ya tsaya.

"Malam Falalu, nan fa wurin wasan samari ne."

"Gonar marigayi Muhammadu Lawal ce. Ko ka san wani ɗa da ya bari mai rabo a nan ban da ni?"

"Ban sani ba. Amma ka yi shawara?"

"Irin shawarar da aka yi da ni, ita na yi da su. Kora mu tafi."

Daga tsakiyar fili ya sa aka fara, daidai inda ake ajiye ƙwallo. Ƙasar ta yi tauri ainun, bijiman suna nishi, shi kuma yana biye da ƙwaryar iri yana zubawa yana takewa da diddige. Daɗin da ya ji a wannan safiya bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da suka ci Babura a gidansu. Bai taɓa turakun Alhaji ba, bai taɓa allon ba, ya bar su tsaye don kowa ya san me aka shuke. Kafin hantsi ya dubi ludayi labari ya zaga gari, jama'a suka yi cincirindo a bakin gona, amma ba wanda ya sa ƙafa ciki. A nan wurinmu ko rigimar gado ake yi, in iri ya shiga ƙasa ba a taka shi, sai an girbe a ci gaba da faɗa. Falalu ya san haka sarai, shi ya sa ya jira ruwa.

Alhaji ya taso daga Kazaure a fusace ya kai ƙara wurin dagaci. Dagaci ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambayi dattawa ko akwai wanda ya san an sayar da gonar ko an yi kyautarta. Babu. Alhaji ya sauko ya ce to a yi masa kuɗinta, ko nawa ne.

"Ranka ya daɗe," Falalu ya ce wa dagaci, ko kallon Alhaji bai yi ba, "ƙungiya aka ba shi, kuma na ga ya karɓa. Ya ɗauki abarsa ya kai inda yake so. Ni mai faci ne na koma noma."

Zaharadeen ya kwaso magoya baya suka same shi a rumfa, suka durƙusa, Baba Falalu a yi haƙuri, Baba Falalu kuskure ne, wasa ne ya yi yawa. Ya bar su a durƙushe har ya gama ɗaure wata taya.

"Da a bara kuka yi dariyar nan, da ban gane ku ba, don hazo nake gani. Amma an gyara mini ido. Na ga haƙoran kowa, har na wanda ya ɓoye fuska. Ku tashi, kuna tare mini masu ciniki."

Haka ƙungiyar Alhaji ta koma buga wasanninta na gida a wani filin aro a Kazaure, inda 'yan kallo ke tafa wa abokan hamayya. Masu zuwa daga Gwiwa suka yi ta raguwa har aka koma cikin a-daidaita-sahu ɗaya. 'Yan wasan Kano suka sha kashi sau biyu suka tattara nasu ya nasu. Kafin gero ya fitar da kai, Alhaji ya daina ɗaukar waya. A ƙofar gidan kallo kuwa magana ta juya, Zaharadeen da bakinsa yake cewa shi dama tun farko bai yarda da ƙungiyar mutum ɗaya ba. Duk wanda ya kawo wa Falalu labarin an ci su, kyauta yake yi masa faci.

Gero kam ya yi, don ƙasa ta daɗe tana hutawa. Ya tashi har ya shanye turakun, sai ɗan farin fentin saman ake hangowa. Batulu ta ga rumbunta a cike karo na farko tun da aka kawo ta, amma abin bai yi mata daɗi ba. Mijinta ya rame. In la'asar ta yi, lokacin da ya saba hura usur, sai ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta faɗa da kaji.

Bayan an kwashe amfanin gona, Ɗayyabu ya zo gida da rana, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

"Baffa, Alhaji ya sake mu. An ce duk ƙungiyar da ba ta da fili ba za ta shiga gasar baɗi ba, kuma an kusa rufewa. Mun cire allon nan, mun mayar da sunan Guguwa. Ka dawo ka riƙe abarka. Na yi laifi, ni na fi kowa, ka yafe mini."

Abin da Falalu ya yi damina guda yana jira ke nan, kuma ya zo masa har gida. Zuciyarsa ta karye, don yana son yaron nan kamar ransa, Guguwa kuwa bai san wata rayuwa ba sai ita. Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa. Amma ya ga in ya faɗe ta, gobe kowa zai ce ai dama fushin Falalu damina ɗaya ne, kuma duk ranar da wani mai mota ya sake ɓullowa haka za su yi masa.

"Na yafe maka, Ɗayyabu. Gona kuwa na riga na yi wa Mamuda magana, zai sauke shanunsa a ciki su yi mini taki. Baɗi dawa zan saka."

Da yaron ya fita, Batulu ta fito daga ɗaki. Ita da ta yi shekaru tana roƙon a noma gonar, ita ce yau take cewa, "Malam, ka rama, kowa ya gani. Abin da kake yi yanzu kanka kake yi wa."

"Na sani," in ji shi.

Aka rufe shiga gasa babu Gwiwa. Yaran suka watse, wasu suka bar ƙwallo, wasu suka kama acaba. Ɗayyabu kuwa wata ƙungiya a Roni ce ta ɗauke shi, mutanen da Falalu ya raine shi a kan cewa gara a sha kashi a hannun kowa da a sha a hannunsu. Ranar da zai tafi, babur ɗin da ya ɗauke shi ta bakin gonar ya bi. Falalu yana tsaye cikin shanu, ya hango shi da jakar kaya a baya, ya ɗaga hannu. Ɗayyabu ya gan shi, ya kawar da kai.

Falalu ya daɗe hannunsa yana sama kafin ya sauke. Sannan ya juya ya ce wa Mamuda a matsar da turken bijiman can wajen gabas, ƙasar wurin har yanzu da sauran tauri.