Lallen da Ya Ƙi Fita daga Ƙafar Kaka

Ni na sa wa Kaka lallen, gara in faɗa tun yanzu. Tun da na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare sau biyu na ce makaranta ta ishe ni, ƙunshi ya zama sana'ata a unguwarmu ta Zongo. Da za a yi sunan jikanyar ƙanwarta a unguwar Totsi, Kaka ta miƙe min ƙafafu a tabarma ta ce in yi mata irin na 'yammata. Na yi mata ja a tafin ƙafa, na bi yatsun da baƙi.

Bayan mako biyu na kowa ya koɗe. Nata ma ya koɗe, ban da yatsu biyu na ƙafar hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Su kullum ƙara baƙi suke yi. Mata suka riƙa shigowa kallo, suna cewa lalle ya karɓi jikin tsohuwa. Ni kuwa sai fankama nake, wai sirrin haɗi ne.

Yayata a lokacin tana masta, wato digiri na biyu, a aikin jinya. Ta yi shekara uku ta karɓi lisans, digirin farko ke nan, ta ɗan yi aiki, ta koma jami'a wai za ta ƙware a kula da gyambo. Ban taɓa ɓoye mata ra'ayina ba. Na ce shekara biyar don a koyi allura da ɗaure ciwo, alhali mai shagon magani na bakin layinmu yana yi bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Ba ta taɓa tanka min ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ran Lahadi da hantsi ta zo daga unguwar Tokoin inda take zaune. Ta durƙusa za ta gaida Kaka, gaisuwar ta tsaya a rabi.

"Kaka, ba ni ƙafar nan."

"Ko goro ba ki kawo min ba, ƙafa za ki karɓa? Hassadar aikin ƙawata kike yi, na gane ki." Ni ce ƙawar.

"Aikin nata nake son gani kusa."

Ta ɗora ƙafafun biyu a cinyarta. Ba yatsun ta fara taɓawa ba. Ta sa bayan hannunta a ƙaurin dama, ta sa a na hagu, tana saukowa a hankali. Ta ɗora yatsunta biyu a saman ƙafar tana neman bugun jini kamar mai sauraron magana a bayan ƙofa, ta koma bayan idon sawu. Na ce, "Yaya, lalle ne fa, ni na haɗa shi." Ko kallona ba ta yi ba, ta ce in zaro mata tsinke ɗaya daga tsintsiya.

"Rufe ido, Kaka. Duk inda kika ji na taɓa, ki ce nan."

A ƙafar dama Kaka ta ce nan, nan, har da tsaki wai ana mata cakulkuli. Yaya ta koma hagu. Ina kallo ta danna tsinken a babban yatsa har ya lanƙwasa. Ta danna a tafin ƙafa. Ta danna a diddige. Kaka, ido a rufe, ta ce, "To fara mana, ina da abin yi."

Ƙafar nan ni na riƙe ta rabin yini, na wanke ta, na shafe ta da man kaɗanya, ban ga komai ba. Wannan kuma da tsinken tsintsiya ta gano ƙafar ta daina ji.

Ta kira kawunmu, wanda shi ne babba a gidan, ta ce masa baƙin nan ba lalle ba ne. Ciwon sugan da Kaka ke fama da shi ya toshe jini, yatsun sun mutu, kuma abin hawa yake yi. Kawu ya ce a bari zuwa jibi, zai sauke kaya a tashar jirgin ruwa tukuna.

"Kawu, ka yi haƙuri," ta ce, kanta a ƙasa. "Yau yatsu biyu ake magana. In muka jira, ban san a ina za a yanke ba."

Ban taɓa jin wani ya mayar wa Kawu magana ba. Ya dube ta, ya dubi ƙafar, ya fita neman tasi da kansa.

A asibiti na tsaya jikin bango ina jin Yaya tana wa likita bayani da Faransanci. Ni ma na yi Faransancin nan shekara da shekaru, amma rabin abin da ta faɗa bai shiga kaina ba. Likitan, dattijo mai furfura, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Ya duba inda ta ce ya duba, ya gyaɗa kai. Da muka fito na tambaye ta ko ni na jawo.

"Lalle ba ya kashe yatsa," ta ce. "Ɓoye shi ya yi. Ki daina kuka, riƙe min jakar nan."

An cire yatsun biyu. Kwanakin da suka biyo baya kowa jira yake a ga ko baƙin zai sake ɓullowa sama. Yaya ce ke buɗe ciwon kowace safiya, ta sunsuna, ta auna bakinsa, ta rubuta, ni ina riƙe da tasa. A mako na uku ta ɗago ta ce nama ya fara tsirowa.

Ranar da aka sallamo Kaka, Kawu ya sunkuya zai ɗauke ta daga mota. Kaka ta ture hannunsa.

"Takwas sun rage min, kai ka ce babu ko ɗaya."

Daga ƙofar gida zuwa ɗakinta taku ashirin ne. Ta daɗe ƙwarai kafin ta kai, tana dogara sanda, tana tsayawa amsa sannu. Na bi bayanta ɗauke da takalminta ɗaya, ban ce ta yi sauri ba.